Ƙura, raunin wuta da nauyin hannu: abin da ke kashe injin samfefa a Kakuri

A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A 1964 aka kafa masaƙar UNTL da ma'aikatar ƙera makamai ta DICON, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Wannan gefe na kogin Kaduna ya cika da injuna, kuma duk inda inji ya yi yawa, masu kula da shi ma sukan yi yawa. Kowace masana'anta tana da sashen gyara, aikinsa kuwa ba zaman jiran abu ya lalace ba ne. Akwai ranar shara, akwai ranar giris, akwai ranar da za a tsayar da lafiyayyen inji a buɗe cikinsa don kawai a ga halin da boris yake ciki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ma'aikata suka watse, kowa ya kama abin da zai ci da iyali.

Yau injunan da ke riƙe da gidaje da yawa a kudancin kogi ƙanana ne, kuma na mutum ɗaya ne. Wanda ya bi titin Kachia daga Kakuri ya wuce Television zuwa Sabon Tasha, ko ya kutsa Makera da Nasarawa da Tirkaniya, zai ga rumfunan kafintoci da masu walda da masu tagar alminiyam jere da juna. A wasu rumfunan akwai ƙaramin injin samfefa mai bel ɗaure a kan benci. Yawancin kafintoci har yanzu da hannu suke guga, saboda haka wanda ya sayi wannan ya taka wani mataki, kuma kuɗin da ya zuba ba kaɗan ba ne a wurinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda injin ke saurin komawa ƙarƙashin benci ƙura ta binne shi, maganar kuma ɗaya ce: ɗan Caina ne, ba ya ƙarko. Lallai akwai na banza a kasuwa. Amma mafi yawan abin da ke kashe shi a nan gida yake: ƙura, raunin wuta, da nauyin hannun mai aiki. Sana'ar gyara ta fito daga masana'anta ta shiga rumfa, al'adar duba inji tun yana da lafiya ce ba ta biyo ta ba.

Injin ba shi da wuyar ganewa. Samfefa ce mai bayan yadi aka haɗa bakinta biyu ta zama bel, aka ɗora ta kan rola biyu. Moto ne ke juya rolar baya, ta gaba kuwa sifirin ke tura ta don bel ya ɗame. Tsakaninsu akwai shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe da bel ke bi ta kansa, a nan ake danna katako. Wanda aka fi sani shi ne mai bel na inci 4 a faɗi da inci 36 a tsawo, da faifai na inci 6 a gefe. Moton yawanci wat 250 ne zuwa 370, yana juyi kusan 2,850 a minti. Bel yana gudun mita 5 zuwa 10 a daƙiƙa gwargwadon ƙirar injin, wato mahaɗinsa yana ratsa faranti sau 18,000 ko fiye a awa guda. Duk wata 'yar karkata, duk wani ɗan tudu, haka ake maimaita shi.

Bel mai zamewa

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne bel ya ƙi tsayawa a tsakiya. Ana kunnawa sai ya zame gefe, ya fara cin jikin inji, bakinsa ya tsattsage, wani lokaci ya fice fit. Wanda ya dubi rolar gaba da kyau zai ga ba miƙaƙƙiya ba ce. Tsakiyarta ta ɗan fi bakunanta kauri, kaurin da ido ke gani da ƙyar. Bel mai gudu kullum yana neman inda ya fi tudu ya hau, wannan ɗan ƙusumbi shi ke riƙe shi a tsakiya. Notin saiti da ke gefe kuma aikinsa ya karkata rolar kaɗan, hagu ko dama. Yaro ya ga bel ya nufi hagu, ya murɗa noti zagaye biyu inji na gudu, bel ya kwasa ya yi dama, ya sake murɗowa baya, kafin a ankara sabon bel ya zama tsumma. Abin da ya kamata shi ne a zare fulogi, a ja bel da hannu zagaye uku ko huɗu a ga inda ya dosa, a murɗa noti kwata guda, a sake ja. Sai ya daina tafiya a hannu sannan a kunna na daƙiƙa biyu a kashe, a ƙara ɗan taɓawa in da bukata.

Idan ya ƙi saituwa duk da haka, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ke raba gardama. A cire bel a juya shi, bakin hagu ya koma dama, a ja da hannu. In ya sauya alƙibla, laifin nasa ne: gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko an haɗa shi a karkace tun farko, babu saitin da zai gyara shi. In kuwa ya ci gaba da bin inda yake bi ɗazu, sai a koma kan inji. Galibi za a tarar garin katako ya cuɗu da ƙaro ya daskare a jikin rola, ya yi sabon tudu a inda bai kamata ba, bel kuwa tudu yake bi, bai san na kamfani da na datti ba. A kankare da guntun katako, kada a sa wuƙa ta ji wa rolar ciwo. In ba shi ba ne, a dubi sifirin: ko ya saki, ko ƙura ta cika hanyar da rolar ke zamewa a kai har ya kasa tura ta. A tsohon inji kuma ƙusumbin kansa kan cinye. Zagaye biyu ko uku na tef ɗin lantarki a daidai tsakiyar rolar yakan mayar da shi har a samu wata.

Bel ɗin ma iri biyu ne, mai kibiya a baya da marar kibiya. Mai kibiya an ɗora baki ɗaya ne a kan ɗaya aka manne, don haka in aka ɗaura shi ba ta inda kibiyar ta nuna ba, katako zai riƙa tuntuɓe da bakin mahaɗin har ya ɓalle shi, bel ya tsinke ya doki wanda ke tsaye. Marar kibiya baki da baki aka haɗa, ta ko'ina aka juya shi ya yi. Mai yanko samfefa daga nadi ya haɗa da kansa don rage tsada, ya sani gam mai saurin bushewa yana ƙandarewa ya fashe a lanƙwasar rola, gam ɗin takalmi kuma zafi na narkar da shi. Kada ya tsaya a saitin irin wannan bel lokacin kunnawa.

Yanayin Kaduna ma yana da hannu. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, a Agusta iska kanta a jiƙe take. Daga Nuwamba hunturu ya shigo ya busar da kome. Bayan samfefa yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, fuskar da tsakuwa ke manne a kai kuwa ba ta motsi, shi ya sa bel ke lanƙwashewa tun ba a ɗaura shi ba. Masu ƙera shi suna son a ajiye shi inda danshin iska yake tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, abin da rumfar kwano ba ta bayarwa a Agusta ko a Janairu. Abin da ke hannunmu shi ne a bar shi cikin ledarsa sai ranar aiki, ko a rataye shi a guntun bututu mai kauri maimakon ƙusa, nesa da siminti, nesa da kwano. Gam ɗin mahaɗi yana tsufa ko ba a taɓa bel ba, wanda ya daɗe a shago yana shan zafi zai iya tsinkewa a kunnawar farko.

Sai nauyin hannu, wanda a ganina shi ne uwar matsalolin. Samfefa yanka take yi, kowace ƙwayar tsakuwa da kaifinta. Da kaifin ya dakushe, ko ƙaro ya toshe tsakanin ƙwayoyin, aiki ya daina ci, mai aiki sai ya ƙara dannawa. Daga nan kome ke biyo baya: zafi ya tashi, katako ya yi baƙin tabo, gam ɗin mahaɗi ya yi laushi, faranti ya fara cinyewa, moto ya rage gudu ya ja wuta fiye da ƙima. Katakon maje mai ƙaro, da tik mai maiƙo irin na dajin Nimbia, da ɗanyen malaina, da tsohon fenti, duk suna saurin toshe bel. Guntun ɗanyar roba in aka kanga wa bel yana gudu yakan kwashe dattin. Kuma a fara da lambar samfefar da ta dace: 40 ko 60 don rage tudu, 80 don daidaitawa, 120 don gamawa. Wanda ya ɗauki 120 ya ce zai rage rabin inci da ita, moto ne zai biya. A duba lissafin: ko da farashin wuta na naira 225 kowace yunit da hukumar lantarki ta NERC ta sanar ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, injin da ke jan kimanin rabin yunit a awa bai wuce naira ɗari da 'yan kai ba. Minti biyar na haƙuri ba a bakin kome yake ba in aka gwada shi da kuɗin naɗin kwayil da kwanakin da aiki zai tsaya.

Maganar wuta

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Wanda ke ƙarshen layin taransifomar da ta yi wa unguwa kaɗan ya san abin da ke isowa sau da yawa bai kai haka ba, musamman da yamma, ko lokacin da mai waldan maƙwabta ya ɗana. Ƙarfin juyin irin wannan moto yana faɗuwa fiye da faɗuwar wutar: in ta sauko 180, abin da ya rage masa kusan kashi 60 ne cikin ɗari. Kafinta ya danna kamar yadda ya saba, moto ya ja ƙarin wuta don cike giɓi, waya ta ɗau zafi. Injiniyoyi suna da wani tsohon ƙiyasi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar rufin da ke jikin wayar kwayil. Ranar da hayaƙi ya fito ba ranar ce kwayil ya fara ƙonewa ba. Ya daɗe yana dahuwa, a zafin Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwano, ramukan shan iskarsa toshe da ƙura. In tafin hannu ya kasa zama a jikin moto na daƙiƙa biyar, a kashe ya huta. Doguwar waya siririya da aka jawo daga wani shago ita ma tana shanye wuta a hanya.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na neman janaretan da zai sha kaɗan. Amma moto a lokacin tashi yana jan ninki uku zuwa shida na abin da yake ja in ya kama gudu, ƙaramin janareta sai ya durƙusa, moto ya daɗe yana nishi. A tayar da injin shi kaɗai, ba katako a kai, kafin a kunna sauran kaya.

Idan aka kunna ya yi gurnani bai juya ba, a kashe nan take. A zare fulogi a juya rola da hannu. In ta cije, wani abu ya maƙale ko boris ya kama. In tana juyawa sumul, mai yiwuwa kafasita ce, irin ciwon fankar sama da sai an tura ta da sanda take tashi. Ba ta da tsada, amma a sayo mai lambar da ke jikin tsohuwar. Wadda ta fi ta girma ƙarin zafi take kawowa. Takan riƙe wuta bayan an kashe, kada a kama bakinta da hannu.

Makunnin waje mai maɓalli kore da ja, a injuna da yawa na maganaɗisu ne. Da an ɗauke wuta sai ya saki, in aka dawo da ita inji ba ya tashi sai an sake dannawa. A garin da Nefa ke tafiya ta dawo ba sallama, babu sashen injin da ya fi wannan amfani. Amma in wuta ta yi rauni ba ya kamawa, ƙura ma na hana shi, sai a ce ya lalace, a cire shi a haɗa waya kai tsaye ko a sa makunnin bango. Ranar da aka ɗauke wuta aka manta inji a kunne, yaro ya zo yana canza bel wuta ta dawo, yatsunsa ne tsakanin rola da faranti. Makunnin da ya ƙi kamawa sau da yawa gaskiya yake faɗa, wutar ce ba ta isa aiki ba. A hure shi, a auna wutar, in ya mutu a sa irinsa.

A hunturu mai aiki kan ji inji ya ja shi a yatsa, tas, sau ɗaya. Gogayyar bel da faranti ce ke tara caji a busasshiyar iska. In kuwa jan ba ya tsayawa, ko testa ta kama a jikin inji, wuta ce ke yoyo, a daina aiki. Kariya daga duka biyun ita ce wayar ƙasa, waccan ta ukun da ake yawan yankewa don fulogi ya shiga soket.

Boris ba ya mutuwa a ɓoye. Yakan fara da 'yar shewa, ya koma gurza, rola ta yi zafi ta fara wasa a kan sandarta. A cire samfefa a kunna: in ƙarar ta ɓace, ta rolar gaba ce ko ta mahaɗin bel, in tana nan, ta moto ce ko ta rolar baya. Lambarsa na rubuce a gefensa, sau da yawa 6201 ko 6202, irin na fanka, don haka masu kayan fanka da na babur za su iya fitar da shi, in ya gagara a haye gada zuwa Panteka. A zaɓi mai murfin roba wanda lambarsa ke ƙarewa da 2RS, ya fi mai murfin ƙarfe na ZZ tare ƙura. Wajen sa shi a sanda, zoben ciki ake bugu ta hanyar guntun bututu. Wanda ya bugi zoben waje da guduma ya kashe sabon boris tun bai fara aiki ba. Baƙin mai ba shi da wuri a wannan inji, in ya haɗu da ƙura kwaɓi suke zama mai cin ƙarfe.

In moto na gudu samfefa na tsaye, a buɗe murfin gefe. Akwai ɗan bel na roba mai haƙora da ke kai juyi ga rola. Ko haƙoransa sun zube, ko sukurun da ke riƙe fuli ya kwance. Lambar da ke bayansa, kamar 150XL, tana faɗin tsawonsa, inci 15, da irin haƙoransa. A tafi kasuwa da tsohon a hannu. Faranti kuma a ɗora masa rular ƙarfe a duba haske ta ƙarƙashi. In ya yi kwari a inda aka saba dannawa, duk katakon da aka goga ba zai fito a miƙe ba, kusurwa ta ƙi haɗuwa, a yi ta zargin zarto. Ana yanko sabo a ɗaure da sukuru, zafin walda yana karkata shi.

Ƙurar da ke kashe inji ba ta bar mai shi ba

Tun 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ƙurar katako a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara, musamman ta hanci da kogunansa. Kafin a kai can akwai tari da asma da ƙaiƙayin ido, ƙurar iroko da ta allon MDF suna cikin masu tsanani. Hankici a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, wadda ita ce ke kaiwa huhu. Sai takunkumi irin N95 da kowa ya sani tun lokacin korona. Injin yana da bakin fitar da ƙura, a juya shi ya fuskanci waje. Wannan yana ci mini rai saboda wanda ake sa wa guga kusan kullum shi ne ƙaramin yaron rumfa, shi zai fi kowa daɗewa yana shaƙa, kuma shi ne ba zai iya cewa maigida a'a ba.

Sai gobara. Inji ɗaya ya goge ƙafar kujera da safe, da rana maƙwabci ya kawo adda a wasa masa. Tartsatsi ya faɗa cikin garin katakon da ke maƙare a cikin inji, ya riƙa ci a hankali, a rufe rumfa a tafi gida. Kafin ƙarfe ya taɓa bel a buɗe a share tas, bayan an gama a dakata a shinshina. Masu alminiyam su ƙara kula, garinsa in ya haɗu da garin ƙarfe mai tsatsa yana kamawa da wuta mai tsananin zafi wadda ruwa ba ya maganinta. Don kare hannu kuma, ɗan teburin da ake ɗora aiki a kai kada tazararsa da samfefa ta wuce milimita 2, a faifai a yi aiki ta gefen da ke gangarowa ƙasa, hannun riga a naɗe, safar hannu a cire. Kafin a tashi daga aiki a zare fulogi, a saki marikin da ke ɗame bel don kada ya kwana a miƙe, a bi ciki da burushi, a hure ramukan moto, a rufe da buhu.

Wanda zai sayi inji na hannu, wato na Beljiyam, ya fara da ɗan farantin da ke jikin moto. Injin da aka ƙera don Amurka bolt 120 yake so da bugu 60 a daƙiƙa, wutarmu kuwa bugu 50 take yi. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt, ba ta taɓa bugu; injin zai rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, kuma zai fi ɗaukar zafi. Na Turai wutarsu ɗaya da tamu. Ya shinshina moton ko akwai ƙaurin ƙonewa, ya girgiza rola biyun, ya ɗora rula a faranti, ya sa a kunna a gabansa da bel a kai na minti biyar. Boris da kafasita da makunni duk ana samun madadinsu, amma lanƙwasasshiyar sanda ko fasasshen gidan rola sun isa a fasa ciniki. Kafin ya biya kuma ya auna bel ɗin, faɗi da tsawo, ya zaga kasuwa ya tabbatar ana sayar da mai girmansa a Kaduna ba sai an aika Kano ko Legas ba.